Jitar da Aka Shanya a Kan Kwano

Ranar Asabar ce ta ƙarshen watan Agusta, kuma ita ce ta farko cikin kwana biyar da aka ga fuskar rana a Funtua. Tun Talata gari yake a lumshe, yayyafi ya ɗauke ya dawo, bango ya yi sanyi, ashana ta ƙi kamawa. Da hantsin nan kuwa sama ta washe tas kamar an wanke ta. Kafin ƙarfe tara kowane gida ya fito da shanyarsa, wanki a kan igiya, yankakkiyar kuɓewa a tabarma, har katifu an ɗora su a kan katanga.

Jibril ma yana da tasa shanyar, amma ba wadda za a baza a tsakar gida ba ce. Ya aro tsani a wurin maƙwabcinsu Hussaini, ya zagaya ta bayan ɗakinsa, ya hau da wani abu naɗe cikin tsohon zane. A kan kwano ya warware shi. Jita ce, tsohuwa, katakonta ya yi ja saboda shekaru, an ɗaɗɗaure ta da zirin robar tubu kamar mai karaya. Ya kwantar da ita rigingine, raminta yana kallon sama don zafi ya shiga ciki, ya tokare ta da duwatsu biyu.

"Awa biyu," ya ce a ransa. "Awa biyu kawai, gam ya kama."

Jitar ba tasa ba ce, ta Baba Oluwole ce, kuma bayan la'asar ɗin yau aka yi zai mayar.

Jibril yana da shekara ashirin da uku. A aji biyu na sakandare ya bar makaranta, don zama a benci yana sa ƙafarsa rawa. Ya yi acaɓa wata huɗu, ya yi cajin waya, ya yi dakon masara, babu wanda ya kai shi shekara. A ƙarshe ƙanen mahaifiyarsa, Kawu Ubaidullahi kafinta, ya ja shi rumfarsa, ya ce ko ƙusa ya riƙa miƙo masa. Can ma ana jiran ranar da zai gudu, sai aka aike shi gyaran benci a shagon Baba Oluwole.

Baba Oluwole Bayarabe ne haifaffen Funtua, ya haura saba'in, yana sayar da batura da ƙwan lantarki, Hausarsa kuwa ta fi ta Jibril gishiri. Ran nan ba ciniki, sai ya jawo jita daga bayan kanta ya ɗan taɓa. Jibril ya tsaya da guduma a hannu. Ba waƙar ce ta kama shi ba. Abin da ya kama shi shi ne katako ne wannan, irin wanda yake kankara kullum, amma an taɓa tsirkiya ɗaya ya ci gaba da magana har bayan an ɗauke hannu. Ƙofa in ka gama ta sai ta yi shiru har ta ruɓe. Wannan kuwa tana amsawa.

Daga ranar ya ƙera jita uku. Ta farko da falankin akwati da wayar birkin babur, wuyanta ya lanƙwashe kamar baka cikin mako ɗaya. Ta biyu in an kaɗa sai ka ce ana dukan kwano a cikin bargo. Don ta uku ya sayar da babbar wayarsa ya sayo tsirkiya da kunnuwan ƙarfe shida na ɗaure ta daga Zariya, ya koma riƙe ƙaramar waya mai tocila. Jitar ta fito da kyau, tana sheƙi, amma sautinta yana fita yake mutuwa.

Yayarsa Shafa'atu, wadda ta dawo gida goyon ciki, ta taɓa tambayarsa, "Kai da ko kaɗawa ba ka iya ba, me kake nema a cikin abin nan?"

Shi dai abin da ya sani shi ne in yana kankarar wuyan jita ƙafarsa ba ta rawa, kuma sai a kira azahar bai ji ba.

Wata uku ya yi yana roƙon Baba Oluwole aron jitar nan. Ran Litinin tsohon ya gaji ya miƙa masa.

"Asabar bayan la'asar ka dawo mini da ita," ya ce. "Ran Lahadi zan kaɗa ta a coci. Ranar tunawa da yayana Babajide ce, shi ya ƙera ta da hannunsa. Ka auna ta, ka ƙwanƙwasa, ka sansana in kana so. Amma in ka kwance mata ko abu ɗaya, ni da kai ne. Ka ji ko, sarkin gaggawa?"

"Na ji, Baba."

Ya auna. Tsawo ɗaya da tasa, faɗi ɗaya, kauri kusan ɗaya. Ya leƙa ramin da tocila, duhu da ƙura kawai ya gani. Ran Talata da rana, Kawu ya tafi ta'aziyya, Jibril ya sa siririyar wuƙa a garwashi, ya bi bakin bayan jitar da ita a hankali. Tsohon gam ya narke, katakon bayan ya ɗago.

A ƙarƙashin ƙirjin jitar, inda ido ba ya kaiwa ta rami, ya ga haƙarƙari bakwai na katako, sirara, a baje kamar yatsun hannu, kowanne an fere shi har ya yi kamar tsinke a ƙarshe. Babu ƙusa ko ɗaya. Shi kuwa nasa katakai biyu masu kauri yake gicciyewa ya buga musu ƙusa, yadda ake ƙarfafa ƙofa. Ya zauna a ƙasa yana dariya shi kaɗai. Ashe ɗaure bakin nasa jitocin yake yi.

A gefen haƙarƙarin akwai rubutu, layi uku, da irin fensirin nan na malaman auduga na da, wanda ake lasa da harshe kafin a rubuta. Ya gane 1971. Ya gane sunan Babajide, ya gane sunan Oluwole. Sauran Yarabanci ne, bai fahimci ko kalma ba. Ya yi tunanin kwafewa, sai ya ce wa zai nuna wa? Duk wanda ya nuna wa ya san ya buɗe.

Ran Laraba ya mayar da bayan da farin gam na rumfar Kawu, ya ɗaure da roba. Ran Alhamis ya taɓa, gam yana nan kamar kindirmo. Ran Juma'a haka. Danshin damina ya hana shi bushewa. Da zai iya tambayar Kawu da ya gaya masa aikin gam a inuwa ake barin sa, ko zai kwana goma. Amma ba halin tambaya. Kuma tun yana yaro abu ɗaya ya gani, duk abin da ya jiƙe rana ake kai wa.

Yana saukowa daga tsanin wayarsa ta yi ƙara.

"Kana ina, Jibrilu?" Muryar Kawu Ubaidullahi ce. "Zo ka ɗauki ƙofar Alhaji Bature ka kai Maska ka kafa masa. Yau da aka samu rana hanya ta ɗan tsane."

"Kawu, ko gobe?"

"Gobe me? Mutum na son kulle sitonsa kafin kaka. Ko kana da aikin da ya fi wannan?"

"A'a, Kawu."

Ya tsaya yana kallon rufin. In ya sauko da ita, gam ba zai kama ba, ya kai wa Baba jita tana buɗe baki. In ya bar ta, zuwa da dawowa da kafa ƙofa, azahar yana gida. Sama ba ko ɗigon girgije. Ya ɗauke tsanin ya mayar wa Hussaini don kada yaran gida su hau su gani, ya ɗaure ƙofar a bayan babur, ya kama hanya.

A Maska ƙofar ta ƙi shiga. Katakon ya sha danshi ya kumbura. Ya sauke, ya kankare gefe, ya ɗora, ta ƙi. Ya sake saukewa. Alhaji Bature, dattijo manomi mai son hira, yana zaune a kan turmi yana kallo, ya sa aka kawo gasasshiyar sabuwar masara.

"Ci mana, ɗan Kawu. Kai kullum kamar ana bin ka."

"Alhaji, sauri nake."

"Saurin me? Ƙofa ba ta gudu."

Aka kira azahar, suka yi salla. Sun dawo kenan Jibril yana ɗaura fata ta biyu, ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kai, iska ta tsaya cak. Zafi ya yi nauyi. Alhaji Bature ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce da matan cikin gida, "Ku fara kwashe shanyar nan." Sannan ya juyo. "Ai tun safe na san za a yi. Rana in ta buɗe da zafin nan a tsakiyar damina, ruwa take kira. Kai ba manomi ba ne?"

Jibril ya juya. Bayan gonakin masara, daga ƙasa har tsakiyar sama, hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kuma ya fi kauri ta wajen Funtua.

Ya zaro waya ya kira Shafa'atu.

"Yaya, ki saurare ni. Akwai abu a kan kwanon ɗakina. Ki sa a sauko da shi yanzu."

"Wane abu kuma? Ina kwashe kuɓewa, ga wanki, ga katifar Inna."

"Jitar Baba Oluwole ce."

Yana jin iska tana kaɗa ƙofar gidansu ta cikin wayar.

"Jitar mutane ka ɗora a kan kwano? Jibril, kanka ɗaya kuwa?"

"Yaya, don Allah. Tsani yana gidan Hussaini."

"Tsaya." Ya ji takunta, ya ji tana sallama, ya ji muryar wata mace. Ta dawo. "Matarsa ta ce ya fita da shi tun ɗazu, ya tafi toshe wa wani yoyo. Yau kowa a kan rufi yake."

"To ki samu wani ya hau ta katanga!"

"Wa? Sauran maza duk suna gona. Ni da cikin nan zan hau?"

"Ki jefa mata leda, ko tabarma, ko me..."

Wayar ta yanke.

Ya bar ƙofar rataye da fata ɗaya. Alhaji Bature yana kira, "Kai! Haka za ka bar mini sito a buɗe?" Jibril ya riga ya tayar da babur.

Iska ta fara tarbarsa tun kafin ya fita gari, tana kwantar da masara dama da hagu. Mata da yara suna gudu da tabarmi a ka. Ya murɗa mai har ƙarshe. A ransa yana auna hanya, yana auna hadarin, yana cewa wataƙila ya zagaye ta kudu, wataƙila iska ta kore shi, an sha yin haka. Ɗigon farko ya faɗo masa a goshi, babba, mai sanyi. Na biyu a hannu. Sai sama ta ɓalle gaba ɗaya.

Ba ya ganin gabansa. Ruwa yana dukan idonsa kamar tsakuwa. Hanyar da ta tsane da safe ta koma taɓo, tayar baya tana wutsil-wutsil. A wata kwalbati ruwa ya riga ya hau kan hanya, ja, yana tafe da kara da ledoji. Masu babura uku sun fake a gindin mangwaro, ɗaya ya ɗaga masa hannu.

"Malam, dakata ya rage! Zai ja ka!"

Jibril ya shiga. A tsakiya babur ya mutu. Ya diro, ruwa har gwiwa, ya tura, ƙafarsa ta zame, ya faɗi da gefe, ya tashi. Takalminsa ɗaya ya tafi. Ya fitar da babur ɗin da ƙyar, ya buga, ya buga, ya ƙi tashi. Ya tura shi da gudu har ya kama, ya haye.

Ana kiran la'asar ya shigo unguwarsu, ruwan ya koma yayyafi. Shafa'atu tana tsaye a bayan ɗakinsa, jiƙe sharkaf, da doguwar gora a hannu. Tabarmar da ta yi ta ƙoƙarin turawa kan rufin tana can a kan darbejiyar maƙwabta.

"Na yi iya yina," ta ce. Ba faɗa a muryarta. "Kuma Jibril, tun kafin azahar na ji wani ƙas a saman nan. Na ɗauka kwano ne yake miƙewa."

Ya kama katanga ya hau, kwanon yana santsi. Jitar tana nan tsakanin duwatsunta biyu. Ƙirjinta ya tsage daga rami har ƙasa, tsagar da rana ta yi tun yana kankarar ƙofa a Maska. Ruwa ya cika cikinta har baki. Da ya ɗaga ta, katakon bayanta ya saki, ya zame daga cikin robar, ruwan ya kwararo masa a hannu da riga. Ba fari ba ne. Shunayya ne, kamar an jiƙa shuni.

Ya juya ƙirjin. Inda layi ukun nan suke, tabo ne kawai ya bazu.

Da ya sauko ya ce, "In na ce masa sace ta aka yi a rumfa..."

"Ka kalli hannunka," in ji Shafa'atu. "Ɗauki abin mutane ka kai masa yadda yake. Ko riga kada ka sake."

Baba Oluwole yana zaune a ƙofar shago a kan bencin da Jibril ya gyara, ya sa hular sanyi. Da ya hango shi ya fara murmushi.

"Sarkin gaggawa, yau ka cika alkawari har cikin ruwa? Ina takalminka ɗaya?"

Jibril ya durƙusa, ya ajiye zanen a kan benci, ya buɗe.

Tsohon bai taɓa ba. Ya dubi ƙirjin, ya dubi bayan da ya kumbura ya karkace, ya dubi farin gam da ya narke yana bin gefe.

"Wannan ba gam ɗin yayana ba ne," ya ce.

"Ni na buɗe ta, Baba. Ran Talata. Na mayar, gam ya ƙi bushewa, na shanya ta a kan kwano, aka aike ni Maska."

"Ka shanya ta."

"E."

"Kamar kuɓewa."

Jibril ya sunkuyar da kai. Wata mata ta zo sayen batir, ta ga fuskokinsu, ta juya.

Baba Oluwole ya sa yatsa a kan tabon. "Wannan fa?"

"Rubutu ne. Layi uku. A ciki yake, ba a gani ta rami."

Tsohon ya ɗago da sauri. "Rubutun wa?"

"Akwai 1971. Akwai sunan yayanka. Akwai naka."

"Nawa?" Muryarsa ta sauka. "Me ya ce?"

"Yarabanci ne, Baba. Ban iya ba."

"Ba ka kwafa ba? Ba ka ɗauki hoto ba? Ku da ba ku rabuwa da waya?"

"Na sayar da ita. Na sayi tsirkiya."

"To zana mini. Yadda ka gani. Ko harafi ɗaya."

Jibril ya ɗauki tsinke ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya rubuta shekarar. Ya rubuta sunayen biyu, ɗaya a sama, ɗaya a layin ƙarshe. Tsakaninsu ya yi wani harafi mai ɗigo a ƙasa, ya goge, ya sake, ya tsaya. Haƙarƙari bakwai ɗin yana ganinsu a idonsa ɗaya bayan ɗaya, da kaurin kowanne. Rubutun kuwa bai zauna ba.

Baba Oluwole ya bi sunayen biyu da ido.

"Shekara hamsin da wani abu tana jikina," ya ce. "Ban san ya bar mini magana a ciki ba. Ka san me ya sa ya ƙera ta? Ina yaro na taɓa jitar wani mai kuɗi a wurin biki, ya buge mini hannu a gaban mutane. Yayana kafinta ne, bai iya kiɗa ba, ko tafi ba ya yi daidai. Ya lalata katako wata takwas. Uwarmu ta ce ya haukace. Ranar da ya miƙo mini ita cewa ya yi, wannan ba mai buge maka hannu a kanta. Bayan shekara biyu mota ta kashe shi a hanyar Malumfashi."

"Baba, ka yafe mini."

"Kada ka roƙe ni yau. Yau ba ni da shi."

Ya jawo ƙirjin da ya tsage, ya goge ruwan da gefen rigarsa a hankali, yana kauce wa tabon, ya shiga da shi cikin shago. Jibril ya ji ya buɗe akwati ya rufe. Da ya fito sai ya ɗauki wuyan jitar, wanda ruwa bai yi wa komai ba, ya juya shi, ya murɗa kunne ɗaya.

"Haƙarƙari nawa ka ce ka gani?"

"Ban ce ba. Bakwai ne."

"Ka tabbata? Ko su ma sun bi ruwa?"

"Bakwai ne, Baba. Na tsakiya ya fi tsawo."

Tsohon ya ajiye wuyan a ƙasa kusa da ƙafar Jibril marar takalmi, ba a hannunsa ba.

"Ɗauke shi daga gabana. Kada ka zo gaishe ni, kada ka aiko. In ka yi masa jikin da zai yi magana, ka kawo. In ba ka yi ba, ka bi ta wancan layin in za ka wuce."

Ya shiga ya ja ƙofar shago, ko magariba ba a kira ba.

Abin da aka rasa ran nan: ƙirjin jita ɗaya, ya tsage biyu. Bayanta, ya karkace ba zai koma ba. Haƙarƙari uku cikin bakwai, sun ɓalle sun bi ruwan indararo. Buhun taki biyu na Alhaji Bature da ruwa ya shiga ta ƙofar da aka bari a buɗe. Tabarma ɗaya, takalmi ɗaya. Kiɗan ran Lahadi, wanda a karo na farko cikin shekara hamsin aka yi addu'ar Babajide babu shi. Da layi uku na rubutu, waɗanda mutum ɗaya ne ya taɓa ganinsu bayan mai rubutawa, shi ma bai iya karantawa ba.